Yadda ake sauraron kiɗan piyano biyu na Rasha har kunne ya raba su

Abin da ke rikita sabon mai sauraro shi ne ɗaukar kiɗan nan a matsayin piyano ɗaya mai ƙara. Mutum biyu ne, kowa da kayansa mai madannai 88 da fedarsa, an ajiye piyanon suna fuskantar juna don makaɗan su riƙa haɗa ido. Ba daidai yake da mutum biyu su zauna kan piyano guda ba, inda ɗaya ke riƙe da ɓangaren sama, ɗayan ƙasa. A nan kowa na iya hawa ko sauka yadda ya ga dama, har su yi wa juna kutse.

Mataki na farko, gyara abin ji. Sifikar waya takan cakuɗa komai wuri guda, ka ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Sa iyafis mai kunne biyu, ka duba ba a saita wayar ta haɗe sautin hagu da dama ba. A yawancin faifai, piyano ɗaya ya fi fitowa ta hagu, ɗayan ta dama. Kada ka ƙure ƙara. Wuraren da aka yi laushi su ne za su fara ɓacewa idan kunne ya gaji.

Na biyu, fara da mai sauƙi: Valse ɗin da ke cikin Suite (wato jerin gajerun kaɗe-kaɗe da aka haɗa wuri guda) ta farko, Op. 15 (lambar aikin ke nan), ta Anton Arensky, malamin Sergei Rachmaninoff, mashahurin mai tsara kiɗa na Rasha, a makarantar kiɗa ta Mosko. Rawa ce mai bugu uku, kusan minti biyar. Ka riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku da yatsa a kan cinya. A ji na farko bi karin da ke gaba kawai. A na biyu ka yi watsi da shi, ka bi wanda ke yi masa ado da ƙananan sautuka masu gudu. Za ka lura suna musayar aiki ba tare da sanarwa ba.

Na uku shi ne inda ya kamata ka daɗe: Suite ta farko ta Rachmaninoff, Op. 5, wadda ya rubuta a 1893 yana ɗan shekara 20, ya sadaukar da ita ga Tchaikovsky, babban mai tsara kiɗa na Rasha. Tchaikovsky ya rasu a watan Nuwamba na shekarar, kafin a kaɗa ta a bainar jama'a. Kashi huɗu ce, kowanne da baitin wani mawaƙi a kansa. Tsallake zuwa kashi na uku, "Hawaye". Sautuka huɗu ne ke gangarowa, a hankali, ana maimaita su daga farko har kusan ƙarshe. Ya ɗauko su ne daga ƙararrawar cocin Sofiya na Nobgorod da ya ji tun yana yaro. Kama su da kunne, kada ka sake. Duk lokacin da suka ɓace maka, sun koma ɗaya piyanon ne ko sun nutse ƙasa. Idan faifan da kake ji ya mayar da su kunu, makaɗan sun cika taka feda, wadda ke tsawaita sauti, ne ko ɗakin ya cika amsa-kuwwa, nemi wani. Na Vladimir Ashkenazy da André Previn yana fitar da su tsaf.

Kashi na huɗu, na bikin Ista, mutane da yawa kan ce ba su ji waƙa a ciki ba. Ai ba waƙa aka nufa ba: ƙararrawa ce, ƙanana suna ƙyal-ƙyal a sama, manya suna rugugi a ƙasa, karin waƙar cocin Rasha ta tashin Almasihu na ratsawa ta tsakiya. Minti uku ne, amma yana cika kai.

Sai ka koma Suite ta biyu ta Rachmaninoff, Op. 17, ta 1901, wadda ya kaɗa tare da ɗan'uwansa Alexander Siloti. A nan raba makaɗan ya fi wuya, da gangan ya saƙa su. A kashi na ƙarshe, Tarantella, wato kiɗan rawa mai sauri, ka kasa kunne ga wuraren da su biyun ke sauke hannu lokaci guda. Piyano ba ya yafe jinkiri: ɗaya ya makara ƙiris, sai ka ji "ta-tam" maimakon "tam". Faifan Martha Argerich da Nelson Freire ya dace da wannan gwajin, don gudu suke yi sosai, hannayen kuma na faɗuwa tare.