Yadda na gyara abincin kyanwata bayan ta rame

Kyanwata ta rame, gashinta na zubewa, ga gudawa. A gidanmu na Aboabo da ke Kumasi, abin da ya rage a kwano shi ake zuba mata: waakye (shinkafa da wake) da shito (soyayyen yajin barkono), tuwon zafi, wani lokaci madara.

Likitan dabbobi ya duba ta, ya ce: "Hajiya, kyanwa mai cin nama ce." Jikinta na buƙatar sinadarin taurin, wanda sai a nama da kifi ake samu, kuma rashinsa na lalata ido da zuciya. Shito kuwa akwai albasa da tafarnuwa a ciki, masu fasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Wannan ya fi tayar min da hankali, don kowa a gidan yana ba ta da zuciya ɗaya. Madara ce ke kawo gudawar, domin yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da ita.

Yanzu ina dafa mata kaza ko ɗanyen kifi ba gishiri, na cire ƙashi da ƙaya, safe da yamma. Hanta kaɗan, sau ɗaya a mako. Koobi (busasshen kifi mai gishiri) na hana, gishirinsa ya yi yawa. Na canza abincin a hankali cikin mako guda, aka ba ta maganin tsutsar ciki, ruwa kuma ba ya yankewa a kwanonta.

Gudawar ta tsaya, gashin ya fara dawowa.