Kurakuran da matasa ke yi a hanyar zama injiniyan jirgin ruwa

Wanda ya fi cin mutane shi ne ɗaukar takardar makaranta a matsayin lasisi. Yaro ya gama difloma a makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron, ko digiri a jami'ar Okerenkoko ta jihar Delta, an yi walima a gida, sai ya naɗe hannu yana jiran kira. Shiru kake ji. Babu jirgin da zai damƙa maka ɗakin inji sai da shaidar ƙwarewa, wadda NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ke bayarwa bayan jarrabawa, bisa yarjejeniyar STCW ta 1978, wato ƙa'idar duniya kan horar da ma'aikatan jirgin ruwa. Kafin jarrabawar kuwa sai ka cika wata 12 na horon aikin hannu da zaman teku, aƙalla 6 daga ciki kana tsaron inji ƙarƙashin na gaba da kai. Saboda haka tun kana makaranta za ka fara neman gurbi a jirgi, ka kuma gama kwas ɗin kashe gobara da na ceton rai.

A nan ne dillalai ke shigowa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka jirgi, ka kama gabanka. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta hana a caji ma'aikaci kuɗin sama masa aiki. Fasfo, littafin ma'aikacin jirgi da gwajin lafiya ne kawai ke kanka.

To an shiga jirgi, sai girman kai. Mai digiri ya ga wanke na'urar tace mai aikin yara ne. A ganina nan ake gane wanda zai yi nisa. Ɗauki tocila, ɗaga farantin ƙarfen da ake takawa, bi bututu tun daga tanki har inji, ka zana shi da hannunka. Lokacin zagayen duba inji kada ka kwafi lambobin ma'auni da wanda ya sauka daga aiki ya rubuta, ko da zafin ɗakin ya haura digiri 40 kana jiƙe sharkaf. Duba ma'auni da idonka, ɗora bayan hannu a jikin famfo, saurari ƙararsa. Famfon da zai lalace yakan canza murya tukuna.

Littafin horo kuma, wanda ake rubuta ayyukan da ka koya a jirgi, kada ka bari sai ranar sauka. Ka gama aiki yau, kai wa babban injiniya ya sa hannu yau, don ana iya canza shi a tashar gaba, sabon kuwa ba zai shaidi abin da bai gani ba.