Yadda za ka sa Excel ya nuna maka inda lissafi bai zo daidai ba

In kai ke riƙe da lissafin shago ko sito ka san wahalar da ake sha ranar ƙirga kaya, mutum ya zauna yana gwada abin da ke littafi da abin da aka samu a ƙasa layi bayan layi har ido ya fara ruwa, ƙarshe ma sai wani ya kuɓuce masa. To Conditional Formatting, wato tsarin Excel da ke canza launin layi in ya cika sharaɗin da ka ba shi, zai yi maka aikin nan cikin minti ɗaya.

A ce sunan kaya na kolum A, adadin littafi na B, wanda aka ƙirga na C, layin farko kuma kanu ne. Ka ja linzami daga A2 har ƙarshen C, ka shiga Home, ka danna Conditional Formatting, sai New Rule, ka zaɓi na can ƙasa wato Use a formula to determine which cells to format. A akwatin ka rubuta:

=$B2<>$C2

Alamar <> tana nufin ba daidai ba. Sai ka danna Format, ka shiga Fill, ka zaɓi ja, OK, OK. Nan take duk layin da B da C suka saɓa zai yi jawur, katon ɗin taliya 40 a littafi 37 a sito, gashi nan ba sai ka nema ba.

Dan Allah ka kula da alamar dalar nan, a gaban harafi kaɗai take. In ka rubuta $B$2 da $C$2 to duk layukan layi na 2 kawai za su riƙa kallo, ko dai komai ya yi ja ko kuma babu abin da zai canza, a nan mutane da yawa ke cewa abin ba ya aiki.

Wani lokacin kuma za ka ga 50 da 50 amma ya yi ja, yawanci sarari ne ya maƙale a bayan ɗaya ko kuma an shigar da lambar a matsayin rubutu, za ka ga ɗan koren tabo a kusurwa. Sai ka canza fomular zuwa =TRIM($B2)<>TRIM($C2).

In kuma jerin sunaye biyu ne, ɗaya a B ɗaya a C, da ba a jere suke ɗaya ba, wannan fomular ba za ta yi ba, =COUNTIF($C:$C,$B2)=0 za ka sa, ita za ta nuna sunan da ke B amma babu shi ko'ina a C.

Masu Google Sheets ku shiga Format, sai Conditional formatting, ku zaɓi Custom formula is, fomulolin duk ɗaya ne.