Linux a filasha ko cikin VirtualBox? Fara duba RAM ɗinka

Duk wanda ya ce min yana son koyon aiki da Linux ba tare da ya goge Windows ba, sai na tambaye shi RAM ɗinsa nawa ne. Nan ake raba gardama.

Laftof ɗina na farko HP ne ɗan gwanjo mai 4GB. Na saka VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna Linux a cikin Windows, na yanka wa Ubuntu (wani nau'in Linux) 2GB, Windows ya riƙe saura. Ina buɗe VS Code da burauza tare, fanka ta hau kuka, komai ya daskare. Gida biyu a tukunya ɗaya, kowa da yunwa. In naka irin wannan ne, bi ta filasha.

Nemi mai 16GB ta USB 3.0, wadda cikin bakinta shuɗi ne. Sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Linux ɗin gaba ɗaya. Na Ubuntu 24.04 ya doshi 6GB, sai ka jira datar dare, ko ka ɗauki Linux Mint Xfce, kusan rabin haka. Buɗe Rufus, manhajar da ke rubuta ISO a filasha, zaɓi fayil ɗin, amma ka sani zai share duk abin da ke cikin filashar. Kafin ka danna Start, ja ma'aunin da ke ware wurin ajiya na dindindin zuwa 8GB. Sake kunna na'urar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo, ka zaɓi filashar.

Kada ka tsallake ma'aunin nan. Ni na tsallake. Ba tare da shi ba, a RAM komai yake zaune. Na wuni ina saka Python da kayan aikinsa, aka ɗauke wuta, batirin kuma dama sunansa matacce. Da aka dawo da ita, tamkar ban taɓa zama ba. Ko da ajiyar ma, ka riƙa tura aikinka GitHub, shafin ajiye lambobin manhaja a intanet, don filasha ba ta jure yawan rubutu.

In kana da 8GB zuwa sama, VirtualBox ya fi daɗin aikin kullum. Shiga BIOS, wato saitin na'urar kafin Windows ya tashi, ka kunna VT-x, ko AMD-V in processor ɗinka na AMD ne, don VirtualBox ya iya aiki. Ba Linux rabin RAM ɗin, ka saka Guest Additions, ƙarin manhajar VirtualBox, don allon ya cika, kwafi da liƙawa su yi aiki tsakanin biyun. Kafin ka gwada wani abu mai haɗari, ɗauki snapshot, wato ka adana yanayin da Linux ɗin yake ciki a lokacin. In ya dagule, ka koma inda kake cikin minti ɗaya.

Sai dai Linux ɗin cikin VirtualBox ba ya ganin katin Wi-Fi ɗinka na gaske, na ƙarya ake nuna masa. In kana son sanin ko laftof zai karɓi Linux, ko Windows ya ƙi tashi kana son ceto fayilolinka, filashar ce dai. Tawa tana ɗaure da mabuɗin babur.