Yadda zaka auna hasken farin wata ka ga abin da yake yi wa dabbobin dare

Abu na farko dai kar ka dogara da wayarka, domin manhajojin auna haske da ake saukewa da rana suna aiki lafiya lau amma da dare sai dai su nuna maka sifili. Dalili kuwa ma'aunin hasken ana ce masa lux, rana tsaka tana kai lux 100,000, shi kuwa wata ko daren sha huɗu ne sama tas da ƙyar yake kai 0.3, daren da babu wata sai taurari kuwa wajen 0.001 ne. Akwai wata 'yar na'urar auna hasken sama da dare mai suna Sky Quality Meter ta kamfanin Unihedron na Kanada da masu bincike ke amfani da ita, in kana da hali ka saya, in babu littafi da biro da idonka sun isa ka fara.

Duk daren da ka fita ka rubuta kwanan watan Musulunci da lokaci, sannan abin da mutane suka fi mantawa, shin watan yana sama a lokacin ko bai fito ba. Kullum yana jinkirin fitowa da kamar minti 50, ranar 7 ko 8 ga wata wajen sha biyun dare ya faɗi, ranar 14 da 15 tun magariba yana nan har asuba, ranar 22 kuwa sai tsakar dare zai leƙo. To kaga in ka rubuta "17 ga wata" kawai baka faɗi komai ba, tunda bayan isha'i duhu ne ƙirin amma ƙarfe biyu fili tar. Tsayinsa ma ka auna, miƙa hannunka ka dunƙule, dunƙule ɗaya digiri 10 ne, sai ka riƙa ɗorawa daga ƙasa har ka kai gare shi. Manhajar Stellarium mai nuna matsayin wata da taurari ma tana ba da wannan. Kuma ka rubuta ko akwai gajimare ko hazo, don ƙurar hunturu tana cinye hasken sosai.

Wani abu kuma, rabin wata ba rabin haske yake bayarwa ba, kusan kashi ɗaya cikin goma ne na cikakke, hasken yana yin tsalle ne a 'yan kwanakin da ke kewaye da 14. Don haka ka yi wa kanka maki, 0 in baka ganin tafin hannunka sosai, 1 in kana gane hanya, 2 in inuwarka ta fito, 3 in kana iya karanta babban kanun jarida. Amma sai ka zauna minti 20 zuwa 30 babu tocila babu kallon waya kafin ka ba da makin, ido yana buƙatar ya saba da duhu, in dole ne ka haska ka rufe bakin tocilar da jar leda.

Yanzu ɓangaren dabbobi, kuma nan ne wallahi daɗin aikin yake. Dabarar da na fi so ita ce wadda masu bincike Joel Brown da Burt Kotler suka yi suna da ita wajen nazarin ɓerayen hamada, har a hamadar Negev ta Isra'ila, kuma da gero suka yi. Ka samu faranti ko roba mai faɗi guda biyu, ka zuba yashi tankaɗaɗɗe daidai wa daida, ka ƙirga gero misali ƙwaya 200 ka cakuɗa a cikin kowanne ya nutse. Ɗaya ka ajiye a fili fetal, ɗayan a gindin sabara ko jikin shinge, bayan magariba, ka share ƙasar da ke kewaye don sawu ya fito. Da asuba kafin kaji su sauko ka kwashe, ka tankaɗe da rariya ka ƙirga abin da ya rage. Shi ɓera da farko tsintar geron ba wuya, yana raguwa tonon yana ƙara wahala, to a nan zai auna ko ribar ta kai ya tsaya a inda mujiya ke iya hango shi, geron da ya bari shi ne ma'aunin tsoronsa. Abin da su Brown da Kotler suka gano a can, daren farin wata an fi barin gero da yawa musamman a farantin fili. Ka kula da tururuwa fa, in sun gano wurin ka canza, in ba haka ba su zaka yi ta aunawa.

Kar ka ɗauka kowace dabba gudun wata take. Wasu jemagu da kunamu suna rage fita, amma yautai da yake da ido yake kamun ƙwari farin wata ne kasuwarsa, ka kasa kunne minti 10 a lokaci ɗaya kullum ka ƙirga kukansa da na mujiya. Buzuzu ma a kudancin Afirka mai bincike Marie Dacke da abokan aikinta sun nuna a 2003 yana saita hanyarsa da hasken wata. A Tanzaniya kuwa masanin zakuna Craig Packer ya wallafa a 2011 cewa zakuna sun fi kai wa mutane hari a kwanaki goma na bayan cikar wata, sun sha yunwa lokacin haske farauta ta ƙi, sai ga duhun farkon dare ya dawo mutane na waje.

Wata ɗaya kwana 29 da rabi ne kuma zagaye ɗaya bai isa ka yanke hukunci ba, ƙila sanyi ne ko ruwan sama ya hana su fita, ka yi aƙalla wata uku a wuri ɗaya, nesa da fitilar sola da ƙarar janareta. Ka sa takalmi rufaffe saboda kububuwa da kunama, ku fita ku biyu, kuma ba sai ka shiga daji ba, bayan gida ko bakin gona kusa da gari ya wadatar, in ma garinku babu tsaron fita da dare ka ajiye farantan a cikin gida kusa da rumbu.