Darasi na 9: Abincin da Jijiyar Tsoho ke Buƙata

"Tafin ƙafata kamar an barbaɗa barkono." "Da dare sai in ji kiyashi na yawo a yatsuna." "Takalmina ya fita ban sani ba." Duk mai zama da tsoho a gida ya san irin wannan kuka. Mukan ce sanyi ne, ko tsufa ne, sai haƙuri. To, ba kullum ba.

Bahaushe jijiya ɗaya yake kira, ko ta jini ce ko ta agara. A nan muna nufin wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Tana da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Bitamin B12 na cikin abubuwan da ke kula da wannan rufi.

B12 ba ya cikin gero, ba ya cikin dawa, ba ya cikin ganye. Gidansa hanta, kifi, ƙwai, nama da nono. Abin da babba ke buƙata kaɗan ne, maikirogiram 2.4 a rana. Amma ruwan da ke narkar da abinci a tumbi yakan ragu da shekaru, sai jikin tsoho ya kasa tsotse shi yadda ya kamata. Ga haƙora sun zube, nama ya gagara, kullum sai koko da safe, tuwo da dare. Kuma hantar mutum takan ajiye B12 na shekaru, shi ya sa ciwon ke shigowa a saɗaɗe, ba wanda zai ce daga abinci ne.

Idan ka shiga Kasuwar Bacci ko ta Kawo a Kaduna, ba sai ka sayi kilo ba. Yankin hanta sau ɗaya a mako ya isa. A dafa ta yi laushi, a marmasa wa Baba a miya. Busasshen kifi a cire ƙaya, a daka, a zuba a miyar kuka. Furar Inna kuwa a dama da kindirmo, kada ruwa ya fi nono yawa. Wake da gyaɗa suna ba da B1, shi ma jijiya na son sa.

Sai maganar ƙwaya. Kada a ruga kemis a ce "a ba ni maganin jijiya", balle na mai talla a mota. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi suna da B6, kuma B6 idan ya yi yawa aka daɗe ana sha, shi kansa yana lalata jijiyar da ake son gyarawa. A fara zuwa asibiti, kamar Barau Dikko, a auna jini. Ciwon suga na kan gaba wajen kashe jijiyar ƙafa, don haka a auna shi ma. Wanda ya shekara da shekaru yana shan metformin, wato maganin ciwon suga, ya faɗa wa likita, domin maganin yana rage B12. Kada dai ya daina sha da kansa. Wani tsohon ma abinci da ƙwaya ba za su ishe shi ba, sai allura.

Aikin gida: rubuta duk abin da tsohon gidanku ya ci jiya, daga karin kumallo zuwa dare. Ja layi a ƙarƙashin wanda ke da B12, ka zo da littafinka aji na gaba.