Babi Na Shida: Yadda Ake Cike Takardar Motsa Jiki

Darasi na 1

Wata rana ma'aikacin lafiya zai miƙo muku takarda ya ce ku faɗi yawan motsa jikin da kuka yi. Wadda za mu koya ita ce gajeriyar IPAQ, wato takardar tambayoyin motsa jiki ta ƙasa da ƙasa. Tambayoyinta 7 ne kacal, kuma duk a kan kwana 7 da suka wuce suke. Ku fara ƙirga daga jiya, ku yi baya da yatsu har bakwai. Ku riƙe fensir, domin za mu yi goge-goge, kuma babu kunya a ciki.

Darasi na 2: Gurbi biyu

Ku natsu a nan, nan ne ake tuntuɓe. Kowane aiki yana da gurbi biyu. Na farko yana tambaya: kwana nawa? Na biyu yana tambaya: minti nawa a rana ɗaya? A rana ɗaya, jama'a.

Misali, kin ɗauki kaya masu nauyi ran Litinin, Laraba da Asabar, kullum minti 20. Gurbin farko ki rubuta 3. Gurbi na biyu ki rubuta 20. Kada ki tara su ki rubuta 60. Wanda zai karɓi takardar shi zai yi 3 sau 20 ya sami 60. In kin riga kin rubuta masa 60, sai ya sake ninkawa ya sami 180, ya ɗauka kin yi aikin awa uku alhali awa ɗaya kika yi.

Mu sake. Ka yi haƙa kwana 2, kullum minti 30. Na farko? 2. Na biyu? 30. Madalla, ashe kun iya. Gurbin farko ba ya wuce 7, tunda mako bai fi haka ba. Duk wanda ya ga 15 a nasa ya goge.

To amma na duba takardun da kuka kawo wancan zama, har yanzu wasu suna tarawa. Haba! Sau nawa zan faɗa? Rana ɗaya. Ku ja layi a ƙarƙashin kalmomin nan biyu kafin ku rubuta komai.

Darasi na 3: Mai tsanani da matsakaici

In kana haki har magana ta gagara, kamar gudu, aiki mai tsanani ne. In numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya hira, matsakaici ne. Abin da bai kai minti 10 a jere ba, wannan takarda ba ta ƙirga shi. Kuma ban da ƙari. Mutum yakan tuna ranar da ya sha wahala ya manta ranakun da ya wuni a zaune.

Darasi na 4

Tafiya a ƙasa tana da nata gurbi, kada ku sake sa ta cikin matsakaici. Tambayar ƙarshe a kan lokacin da kuka yi a zaune ce, ban da barci.

Darasi na 5

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 na mai tsanani. Ku gwada da naku a gida.